Ranar tunawa da sojojin da suka rasu a bakin daga: daga ina ta samo asali, kuma me iyalansu ke samu?

Sadiku94 ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah tambaya gareni, musamman ga masu ilimin tarihi da duk wanda ya taɓa aikin soja ko yake da ɗan uwa a ciki. Na lura kusan kowace ƙasa tana da rana ɗaya a shekara da ta ware don tunawa da sojojinta da suka mutu a yaƙi, amma kowa da tasa ranar. Ingila da Faransa da Kanada 11 ga Nuwamba suke yi, Amurka a ƙarshen watan Mayu, Rasha 9 ga Mayu, Najeriya kuma 15 ga Janairu. In Nuwamba ta kama zaka ga 'yan Ingila kowa ya maƙala wani jan fure a ƙirji, masu karanta labarai a talabijin, 'yan majalisa, har 'yan ƙwallo a jikin rigunansu.

To abinda nakeso in fahimta shine waye ya fara wannan abin, kuma me yasa aka zaɓi waɗannan ranakun? Sannan meye hikimar kabarin sojan da ba'a san ko waye ba, tunda naga ƙasashe da yawa suna da shi, ta yaya za'a girmama mutumin da ko sunansa ba'a sani ba? Sai ta ƙarshe wadda tafi damuna gaskiya, taron nan da akeyi duk shekara yana amfanar iyalan mamatan da wani abu kuwa, ko dai manya ne kawai ke fitowa su ajiye fure a ɗauki hoto kowa ya kama gabansa? Ba raini nake ba wallahi, so nake in gane.

Malam_Habu ya rubuta:

Wa alaikumus salam Sadiku. Bari in ɗauki ɓangaren tarihin, ta ƙarshen kuma in bar wa waɗanda abin ya shafa, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yawancin abinda kake gani yau daga yaƙin duniya na ɗaya ya taso. Ranar 11 ga Nuwamba 1918 da asuba aka sa hannu kan yarjejeniyar tsagaita wuta a cikin wani taragon jirgin ƙasa a dajin Compiègne a Faransa, aka ce ƙarfe 11 na safe kowa ya daina harbi. Da shekara ta zagayo a 1919 sai Sarkin Ingila George na biyar ya nemi duk ƙasar ta tsaya cik ta yi shiru na minti biyu daidai ƙarfe 11 ɗin, motoci suka tsaya a titi, ma'aikata suka ajiye aiki. Shirun nan da ake yi har gobe asalinsa kenan. Yanzu babban taronsu ranar Lahadi ta biyu a Nuwamba suke yinsa a Landan, gaban wani gini na farin dutse da ake kira Senotaf, wanda babu gawar kowa a ƙarƙashinsa.

Maganar sojan da ba'a san sunansa ba kuwa, sai ka san irin mutuwar da aka yi a yaƙin nan kafin ka gane. Igwa ce ta kashe mafi yawan mutane, wani ya tarwatse gaba ɗaya, wani laka ta rufe shi ba'a ƙara ganinsa ba. A ranar farko ta gumurzun Somme a Faransa kaɗai, 1 ga Yuli 1916, sojan Birtaniya 19,240 suka mutu. A Thiepval akwai gini ɗauke da sunaye sama da 72,000 na waɗanda har yau ba'a san kabarinsu ba. Ga shi kuma gwamnati ta yanke cewa ba za'a dawo da gawar kowa gida ba, ɗan mai kuɗi ko ɗan talaka, inda ka faɗi nan za'a binne ka. To ka ga uwa an aiko mata da takarda ɗanki ya mutu, ba gawa, ba kabari, ba inda zata je ta tsaya ta yi kuka. Shine aka tono gawar soja ɗaya da ba wanda zai iya gane shi, aka kawo shi aka binne a majami'ar Westminster cikin kaburburan sarakuna ranar 11 ga Nuwamba 1920, don kowace uwa ta iya cewa ƙila nawa ne. Cikin manyan baƙin ranar akwai mata kusan 100 da kowaccensu ta rasa mijinta da duk 'ya'yanta maza a yaƙin.

Na Faransa ya fi taɓa min zuciya. Akwatin gawa takwas aka jera a Verdun, aka kira wani matashin soja mai suna Auguste Thin, wanda shi ma mahaifinsa ya ɓace a yaƙin, aka miƙa masa furanni aka ce ya ɗora kan guda ɗaya. Lambar rundunarsa 132 ce, sai ya haɗa 1 da 3 da 2 ya samu 6, ya ɗora kan akwati na shida. Wannan gawar ce ke kwance ƙarƙashin Arc de Triomphe a Faris, kuma wutar da aka kunna a kanta a 1923 duk yamma ƙarfe 6:30 sai an zo an sake hura ta.

Amurka nata ya girmi wannan, daga yaƙin basasarsu ya fito. Tun 30 ga Mayu 1868 suke fita ƙawata kaburburan sojoji, a 1971 aka maida shi Litinin ta ƙarshe a Mayu. Su 11 ga Nuwamba ranar duk wanda ya taɓa aikin soja ce, ta Mayu kuma ta waɗanda suka mutu a bakin aiki.

Jan furen kuma fofi sunansa, yana fitowa da yawa a ƙasar da aka birkice, shi yasa ya cika filayen yaƙi na Flanders a Beljiyam bayan igwa ta tone su. Wani likitan soja ɗan Kanada, John McCrae, ya yi waƙa a kansa a 1915 bayan an binne abokinsa. A 1921 ƙungiyar tsofaffin sojojin Birtaniya ta fara sayar da na kyalle don tara kuɗin taimakon nakasassu da iyalan mamata. Kenan tun farko ba ado bane, asusun taimako ne.

Maman_Hanif ta rubuta:

Salam. Ƙanina Sadiku tambayarka ta ƙarshe ni zan amsa maka daga inda nake tsaye, don mijina soja ne kuma a bakin aiki ya rasu, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Ni dai ba zan ce a daina taron ba, ko kusa. Duk shekara ina kunna talabijin in zaunar da yaran nan su kalla, in aka busa bigilar nan babban yarona miƙewa yake tsaye ba wanda ya ce masa ya tashi, kuma ranar ce kaɗai nake jin cewa mutuwar babansu ba tamu bace mu kaɗai, ta ƙasa ce gaba ɗaya.

Amma fa in an gama an kashe talabijin gidan yana nan yadda yake. Abinda aka dawo min da shi akwatin ƙarfensa ne, ciki akwai kaki biyu a ninke da hularsa da takalmin da bai ma daɗe da karɓa ba da ƙaramin Alƙur'aninsa da wayarsa da gilashinta ya fashe, ban ga gawarsa ba sai labari aka bani cewa an binne su tare da abokan aikinsa. Daga nan sai zirga-zirgar takardu, yau ace kawo takardar aure gobe ace hoton bai yi ba jibi ace sunan da ke fayil na magajin da ya rubuta tun yana kurtu ne kafin ya aure ni, kuma duk wannan kina cikin takaba ga goyo ga tunanin inda zaki koma da yara tunda gidan da kuke ciki na aiki ne ba naku ba. Na samu haƙƙinsa daga baya Alhamdulillah, amma nasan mata da suka gaji suka bari saboda kuɗin motar zuwa bin sawu ma babu.

Abu biyu nake roƙo in da masu iko suna karanta irin wannan zauren. Na farko a biya haƙƙi ba sai mace ta zubar da hawaye a gaban tebur ɗin wani ba, a riƙe karatun yaran har su gama. Na biyu a ambaci sunansu. In aka ce "gwarazanmu da suka kwanta dama" a dunƙule ni bana jin mijina a ciki wallahi, so nake wata rana Hanif ya kai ɗansa wani wuri ya nuna masa da yatsa ya ce ga sunan kakanka nan a rubuce.

Abu_Sumayya ya rubuta:

Allah ya jiƙan maigidanki 'yar uwa, ya karɓi shahadarsa, ya raya abinda ya bari. Ni ra'ayina ya ɗan bambanta da na Malam Habu ta wani gefen. Tarihin da ya kawo gaskiya ne, amma tsayuwa a yi shiru da ajiye furanni a gaban dutse ni ban ga abinda yake kai wa mamaci ba, rayayyu ne ke lallashin kansu da shi. Abinda muka sani yana isa ga mamaci addu'a ce da sadaka da biya masa bashi. Tunawa da waɗanda suka faɗi a fagen fama kuwa ba baƙon abu bane a wurinmu, ya tabbata Manzon Allah (SAW) ya je wurin shahidan Uhudu bayan shekara takwas da yaƙin ya yi musu addu'a kamar mai bankwana, kuma kowa ya san matsayin da ya ba mai riƙon maraya, ya haɗa yatsunsa biyu ya ce haka zasu kasance da shi a Aljanna.

Ƙasashen Musulmi ma suna da ranakunsu. Turkiyya 18 ga Maris, ranar da suka kora jiragen ruwan Ingila da Faransa a mashigin Canakkale a 1915. Masar 9 ga Maris, ranar da aka kashe babban hafsan sojinsu Abdulmun'im Riyad a bakin daga kusa da mashigin Suwez a 1969, ya je duba yaransa ne a sahun gaba harsashin igwa ya same shi. Ban ce a soke fareti ba, amma da ni ake tambaya da rabin kuɗin taron marayu za'a kai wa.

Tsohon_Saje ya rubuta:

Na karanta duka. 'Yata Maman Hanif sannu da haƙuri, duk abinda kika faɗa haka yake, na raka matan abokaina bin irin wannan takardun na san wahalarsa. Shi yasa duk yaron da ya zo gaishe ni da kaki tambayar farko da nake masa ita ce ka sabunta sunan magajinka a fayil tunda ka yi aure?

Malam Abu Sumayya, addu'a ita ce gaba ba musu, ai shi yasa a Najeriya kafin 15 ga wata ake yin addu'a ta musamman a masallacin Juma'a, Lahadi kuma a coci. Amma faretin ma kar ka raina shi. Ba don mamaci kaɗai ake yi ba, don yaron da ke tsaye cikin sahu ne wanda wata mai zuwa za'a tura shi daji, yana kallo yana auna yadda za'a yi da shi in nasa ya zo. Busar nan da ake yi kafin shiru, asalinta busar ƙarshen yini ce a bariki, alamar an gama zagayen masu gadi kowa ya kwanta. In an gama shirun sai a busa ta tashin asuba. Wanda ya taɓa ɗaukar abokinsa a kafaɗa ya san me yake ji tsakanin busa biyun nan, ni har yau sunaye nake jerawa a zuciyata ɗaya bayan ɗaya kuma minti ɗaya baya isata.

Sadiku, da can Najeriya ma 11 ga Nuwamba take yi kamar sauran ƙasashen rainon Ingila. An maida shi 15 ga Janairu ne saboda ranar ce a 1970 Philip Effiong ya miƙa wuya ga Janar Yakubu Gowon a barikin Dodan a Legas, yaƙin basasa ya ƙare. Kuma ranar tana da wani nauyin, don 15 ga Janairu 1966 aka yi juyin mulkin farko, wanda bayan Sardauna da Tafawa Ɓalewa ya ci manyan hafsoshi irinsu Birgediya Zakariya Maimalari da Birgediya Ademulegun da Kanar Kur Muhammad. A Abuja shugaban ƙasa da shugabannin majalisa da hafsoshin tsaro ke ajiye furanni, da wakiliyar matan da suka rasa mazajensu, a yi harbi sama, a saki fararen tattabaru, jihohi ma gwamnoni su yi nasu.

Maganar suna da 'yata ta kawo ita ce ta fi ci min rai, don ba yau aka fara ba. Kakanninmu sun je ƙasar Bama (Myanmar ta yau) a yaƙin duniya na biyu cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka yi yaƙi da Japan a kwarin Kaladan da Arakan, suka kama Myohaung a Janairun 1945. Barikin Arakan da na Myohaung a Legas, Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, duk sunayen nan daga can suka zo, amma tambayi matasa goma da ƙyar ɗaya ya sani. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel, wadda aka kafa a 1917, ƙa'idarta ita ce janar da kurtu dutse iri ɗaya kowa da sunansa. Sai a 2021 binciken da ita da kanta ta sa aka yi ya nuna aƙalla mutum 116,000, ƙila ma har 350,000, yawancinsu 'yan Afirka da Masar da suka mutu a yaƙin farko, ba'a rubuta sunansu ba ko ma ba'a yi musu komai ba. Sakataren tsaron Birtaniya na lokacin Ben Wallace sai da ya tashi a majalisa ya ba da haƙuri. Bayan shekara 100 fa.

In anso yi ana iyawa. Sojoji 17 da aka kashe a Okuama ta jihar Delta a Maris 2024, an fitar da sunansu da hotonsu ɗaya bayan ɗaya, shugaban ƙasa ya halarci jana'izarsu a maƙabartar sojoji ta Abuja, aka sanar da lambar girma da gidaje da tallafin karatun 'ya'yansu. Haka nake so a yi wa kowane kurtu, ko da shi kaɗai ya faɗi a wani ƙauyen da 'yan jarida basu sani ba.

Sadiku94 ya rubuta:

Nagode ƙwarai Malam Habu, nagode Baba Saje, Allah ya ƙara lafiya. Anti Maman Hanif Allah ya jiƙan Abban Hanif ya albarkaci yaran, maganarki ta shige ni sosai. To akwai ƙasar da ke yin abinda take nema ɗin, wato ambaton mutum da sunansa, ba sai rana ɗaya a shekara ba? Sannan Baba, kakan mahaifiyata ance ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba, akwai yadda za'a yi a nemo sunansa?

Malam_Habu ya rubuta:

Akwai sosai. A garin Ypres na Beljiyam akwai wata ƙofa, Menin, ɗauke da sunaye sama da 54,000 na sojojin da ba'a ga gawarsu ba, cikinsu har da 'yan Indiya Musulmi da Sikh da Hindu. Tun 1928 duk dare ƙarfe 8 ake tsayar da motoci, masu bigila daga 'yan kwana-kwanan garin su fito su yi busa, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Lokacin da Jamus ta mamaye garin a yaƙi na biyu ne kawai aka dakata a wurin, kuma ranar da sojojin Poland suka 'yanto shi a Satumbar 1944 a daren aka ci gaba. Ostireliya kuma a gidan tarihin yaƙinsu na Kanbera duk yamma kafin a rufe sai an ɗauki mutum ɗaya daga jerin mamatansu, a ajiye hotonsa, a karanta inda aka haife shi da sana'arsa kafin ya shiga soja da yadda ya rasu, sau da yawa danginsa na tsaye a wurin. Amurka ma kafin ranarsu ta Mayu sojoji ke bin maƙabartar Arlington suna kafa ƙaramar tuta gaban kowane kabari ba'a tsallake ko ɗaya. Har sojan yaƙin Biyetnam da suka binne a matsayin wanda ba'a sani ba, a 1998 gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna matuƙin jirgi ne mai suna Michael Blassie, suka tono shi suka miƙa wa danginsa, wurin kuma aka bar shi ba kowa.

Tsohon_Saje ya rubuta:

Ɗana, hukumar Kwamanwel ɗin nan da na ambata tana da shafi a intanet, kyauta ne, ana neman mutum da suna ko da runduna ko da ƙasar da ya rasu. Ka gwada maƙabartar Taukkyan da ke kusa da Yangon, a cikinta akwai ginshiƙai masu sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba'a samu kabarinsu ba, mutanenmu na Afirka ta Yamma suna ciki. Amma ka sani a zamanin nan sau da yawa ba da sunan uba ake rubuta mutum ba, sunansa ne sai a liƙa masa sunan garinsu ko na ƙabilarsa, kuma bature ya rubuta yadda kunnensa ya jiyo masa, saboda haka ka gwada rubutu iri-iri kar ka tsaya kan ɗaya. Kafin nan je ka tambayi tsofaffin gidanku ko akwai wata lamba ko takarda ko wasiƙa da ta rage a ƙasan adaka, in ka samu lambarsa ta soja aikin ya zo da sauƙi. In ka samo wani abu ka turo nan mu duba tare.